Zoben Wuyan Da Ya Ƙi Wuce Kunne

Buhun ne ya fara tarar Sifana a bakin ƙofa, tun sallamarsa ba ta gama fita ba. Ya hawo matakalar benen da gudu kamar yadda ya saba, sanyi na cizon kunnensa, sai ya yi tuntuɓe da wani ƙaton abu mai laushi, ya tafi kamar zai sumbaci bango.

"Wane mara imani ne ya ajiye gawa a kan hanya?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," in ji Yaya daga ɗakin girki. Babbar yayarsa ce, tana aure a bayan layi, kullum da yamma takan leƙo ta dafa musu abinci. "Buhun zaren Umma ne. Mai katifa na ƙasa zai zo ya ɗauka ranar Asabar, ya cusa a filo."

Sifana ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu.

Shi dai bakaniken babura ne. A gida Auta ake ce masa, amma a gareji da duk faɗin titin babu wanda ya san shi da wani suna sai Sifana, saboda notin da ya ɗaure babu mahalukin da ke iya kwance shi. Maigidansa ma cewa yake, notin Sifana sai dai a sayar da babur ɗin da shi a jiki. Shi kuwa yabo ya ɗauki maganar.

Umma, mahaifiyarsu, saƙa ce sana'arta tun kafin a haife shi. Rigunan sanyi, hulunan jarirai, safa, duk da kibiyoyin saƙarta ta ciyar da su. Duk zaren ulun da ya rage a ƙarshen aiki, ko bai kai ƙwan kaza ba, sai ta cure shi ta jefa cikin buhun nan. Watannin baya hawan jini ya kayar da ita a gaban murhu. Allah ya yi da sauran kwana: magana ta dawo, ƙafa ta dawo, faɗa ma ya dawo da ƙarfinsa. Hannun dama ne kawai ya yi nauyi. Likitar motsa jiki ta ce hannu ba ya tashi sai an sa shi aiki, har ta ba da wata ƙwallon roba a riƙa matsawa. Ƙwallon tana ƙarƙashin gado, kyanwa ta gaje ta. Hannun kuma Umma ta cusa shi cikin mayafi kamar abin sata.

Ya same ta a kujerarta ta bakin taga, tana kallon talabijin ɗin da ba a kunna murya ba.

"Umma, sannu da gida. Wai da gaske filo za a yi da zarenki?"

"Gara wani ya ɗora kai ya yi barci a kansa, da ya zauna a lungu yana kallona."

"Buhun ne ke kallonki?"

"Kai ma ka daina."

"Haba Umma. Ulu fa. Mai katifa ko tsumman goge giris aka ba shi murna zai yi."

"Guntaye ne, Auta. Babu curin da zai kai hannun riga ɗaya. Ba abin da zai fita daga cikinsa."

"In na fitar fa?"

Yaya ta leƙo da ludayi a hannu. "Kai? Kai da ko maɓallin rigarka ya cire da waya kake ɗaure shi?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Umma ba ta yi dariya ba. Ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi baƙin man da ya zauna a faratansa. "To. In ka fitar da abin da ɗan Adam zai sa a jikinsa ya fita titi ba a bi shi da ihu ba, buhu ya zauna. In Asabar ta wuce babu, ya sauka."

"An gama, ranki ya daɗe."

Ya ja buhun ya mayar da shi lungunsa. Ba zaren ne ya dame shi ba. Ya san Umma kamar yunwar cikinsa: ranar da buhun nan ya sauka matakala, hannun nan ba zai ƙara fitowa daga mayafi ba.

Dabarar da ta fara zuwa masa ta 'yan gareji ce. In kana son Maigida ya karɓi aiki, sai ka riƙe sifana a juye a gabansa. Don haka washegari da yamma ya zauna a ƙasa daidai ƙafafun Umma, ya ɗauki kibiyoyi biyu ya riƙe su kamar mai shirin dambe, ya naɗa zare a wuyan hannu, a babban yatsan ƙafa, har a ƙafar kujera. Yana yi yana nishi, yana satar kallonta ta wutsiyar ido.

Ta ƙyale shi sai da ya ɗaure kansa tsaf kamar akuyar kasuwa.

"Auta."

"Na'am, Umma?" Har ya fara miƙa mata kibiyoyin.

"Ni na haife ka, ba a titi na tsince ka ba. In wasan kwaikwayo kake don in karɓa, tashi ka je ka ci abinci."

Yaya ta saki wata guɗa daga ɗakin girki. Sifana ya kwance kansa a hankali, kunnuwansa na zafi. To, ashe abin ba na wayo ba ne. Sai dai a yi na gaske.

Da safe a motar haya ya duƙufa kan wayarsa. Riga ta yi masa nisa. Safa tana da dunduniya, shi kuwa bai ga ta inda ake juya ta ba. Can ya ci karo da wata mata da hannuwanta kawai ake gani, tana magana da yaren da ko gaisuwarsu bai sani ba, tana saƙa wani abu zagayayye kamar taya. Mayafin wuya ne aka haɗe bakinsa, babu hannu, babu maɓalli, babu jelar da sarƙar babur za ta kama. Ka zura kai kawai ya zauna maka a wuya, in iska ta yi yawa ka ja shi ya rufe hanci. Kuma da guntaye take yi, wannan launi ya ƙare ta ɗora wancan.

"Zoben wuya," ya faɗa da ƙarfi. Wanda ke kusa da shi ya matsa.

A cikin tsohon gwangwanin biskit ɗin da Umma ke ajiye kayan aikinta ya sami irin kibiyar da matar ke riƙe da ita, guda biyu da siririyar igiyar roba ta haɗa su. Kuma ba tsirara ya same ta ba. Akwai saƙa a jiki, faɗin yatsu biyu, da zare ruwan toka, laushinta kamar kunnen jariri. Ya gane ta nan take. Farkon hular Maigida ce. Duk shekara in sanyi ya shigo Umma takan saƙa wa mutane 'yar kyauta: mai gadin gini, mai shayin kwana, da Maigida, wanda a bayan idonsa ake kira Kan Tanki, don duk kasuwa babu hular da ke shigarsa. Wannan ce ta fara ba ta gama ba.

Sifana ya juya ta a hannu. Baki mai faɗi, an riga an fara masa. Sai ya ɗora daga inda ta tsaya.

A gareji kuwa ya sha. Da an tashi cin abincin rana sai ya wanke hannu da fetur, ya bi da sabulu, ya koma bayan tulin tayoyi ya jingina wayar a jikin batir, ya rage gudun bidiyon har matar ta koma kamar mai aiki a cikin ruwa. Ba a jima ba Dogo mai fenti ya gano maɓoyarsa.

"Jama'a ku zo ku gani! Hajiya Sifana an kusa haihuwa, ana haɗa kayan jariri!"

"Naka nake saƙawa," in ji Sifana bai ɗago ba. "Takunkumi ne."

"A saƙa mini safa, Hajiya."

"Zaren duniya ba zai rufe wannan ƙafar taka ba, sai dai tamfol."

Maigida ya zo ya tsaya a kansu, inuwar kansa kaɗai ta rufe wayar. Ya daɗe yana kallon zaren ruwan tokar nan. Bai yi dariya ba. Ya shafa tsohuwar hularsa ta bara da ta fara tsefewa a baki, ya ce, "Yaya jikin mahaifiyar taka?"

"Da sauƙi, Maigida."

"Allah ya ƙara sauƙi. Ka gama ka zo, akwai birkin da ke jiranka." Daga ranar, in lokacin abinci ya ɗan zarce, sai ya yi kamar bai ga agogo ba.

Matsalar ɗaya ce, kuma tana jikin hannun Sifana. Duk madaukin zaren da ya ɗora a kan kibiya, wanda masu saƙa ke ce wa ido, sai ya ja shi ya ƙara ja, kamar yana tsoron zai kwance a kan hanya ya kayar da wani. Saƙar kowa shiru take yi, tasa ƙara take, ƙiiƙ, ƙiiƙ, kamar birkin da ya sha ruwa. Wani idon sai ya sa filaya kafin kibiya ta shiga. Yatsansa manuni ya yi bororo, ya fashe, ya naɗe shi da baƙin salatif na waya ya ci gaba. Yana saƙa a mota, yana saƙa a layin burodi. Har wani mai babur ya zo karɓar abin hawansa ya tarar da curin shuɗin zare a cikin akwatin kayan aiki.

Da yamma kuma gaban Umma yake zama, ba don wayo ba yanzu, don nan ne fitila ta fi haske. Ranar farko da ta ga ruwan tokar nan a hannunsa ta buɗe baki, ta rufe, ta mayar da ido kan talabijin. Amma da ya ɗauko wani kore zai ɗora, sai ya ji ta ce da bango, "Ragowar rigar makarantar yayarsa ce wannan."

"Wadda ta ƙona da dutsen guga?"

"Ban yi da kai ba."

Da ya kai hannu kan wani ja mai kyau, ta yi gyaran murya ta kira Yaya. "Ki gaya wa wani kada ya sa wancan jan. Zuba yake yi. Wanki ɗaya zai mai da mutum kamar an yanka shi."

"Wani ya ji," in ji Sifana, ya mayar da jan.

Ya lura da abu guda da bai gaya wa kowa ba. Duk lokacin da kibiyarsa ta yi ƙiiƙ, mayafin Umma yakan motsa daidai inda hannun yake.

Ranar Asabar da hantsi zoben ya kai tsayin tafin hannu da rabi. Toka, kore, ruwan ƙwai, shuɗi, da wani launi da ko Umma ta kasa tuna asalinsa. Ba laifi a ido, in ka tsaya daga nesa. Saura a rufe bakin sama a zare kibiya. Matar bidiyo ta nuna: ka saƙa ido biyu, ka ɗaga na farko ka tsallakar da shi kan na biyu, haka har ka zagayo. Sifana ya ce a ransa, nan ne ƙarshen aiki, kuma ƙarshen aiki shi ne ɗaurin noti. In baki ya kwance ai komai ya tafi. Don haka kowane ido da ya tsallakar sai ya ja shi har haƙoransa su fito. Ya gama, ya ƙulle, ya ƙara ƙulli a kan ƙulli saboda tsaro.

Daidai nan mai katifa ya yi sallama. Ɗan tsoho ne siriri mai sanƙo, auduga a girarsa, auduga a gemunsa, yana haki saboda matakala.

"Na zo ɗaukar amanata."

"Baba, ka sha hanya a banza," in ji Sifana. Ya ɗaga zoben sama kamar kofin ƙwallo. "Umma, Yaya, ku shaida."

Ya ɗora a kansa ya ja. Gefen Umma ya wuce salin-alin. Tsakiya ya bi da ɗan gardama. Gefensa kuwa ya zo goshi ya tsaya cak.

Ya ja. Ya ƙara ja. Girarsa ta haɗe da hancinsa.

"Ranka ya daɗe, an naɗa ka sarautar me?" in ji Yaya.

"Gashina ne ya yi yawa. Baba, taimaka, kai naka kan ba shi da cikas."

Kafin tsohon ya ce a'a an kifa masa. Sanƙo ya taimaka, abin ya zame ya wuce goshi, ya rufe idanu, ya zo kan kunnuwa da karan hanci ya kafe. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Mai katifa ya miƙa hannuwa yana laluben iska.

"Innalillahi! Yaro, ka kashe mini fitila!"

"Tsaya, Baba, kada ka motsa. Yaya, miƙo man girki."

"Kada wanda ya shafa mini mai! Ni ba babur ba ne!"

Da ƙyar da jiɓin goshi aka ciro shi, kunnuwansa sun yi ja kamar an murɗe su, layi ya fito masa a goshi. Yaya ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Umma ta juya fuska wajen taga, amma kafaɗunta suna rawa.

Mai katifa ya shafa kunnensa, ya kama bakin buhu. "To, Hajiya, na ga dai nawa ne."

Sifana ya ɗora ƙafa a kan buhun. "Baba, Asabar ba ta wuce ba. Ko azahar ba a yi ba."

"Kai yaron nan taurin kai gare ka."

"Gado ne. Yaya, a ba Baba shayi."

Ya zauna a ƙasa ya sa haƙori ya kwance ƙullin, ya warware bakin ido bayan ido, yana mayar da su kan kibiya. Zaren ya fito a murɗe kamar gashin tunkiya. Ya sake farawa. A ransa yana ta cewa a hankali, a hankali, amma hannun da ya shekara yana ɗaure ƙafar babur ba ya jin wannan yaren. Ido ya tsallaka, hannu ya ja da kansa. Ƙiiƙ.

"Sassauta," in ji Umma. Wannan karon ba da bango take ba.

"Na sassauta."

"Wannan ne sassauci? Kai, zare ba ƙarfe ba ne! Bakin abu in bai buɗe ba ta ina kai zai shiga? Saki. Saki na ce!"

Ya saki, idon ya zame daga kibiya gaba ɗaya, ya bi shi da gudu ya kamo, ya ja shi tam don kada ya ƙara guduwa.

"Wayyo ni," in ji Umma. "Allah ya haɗa ni da maƙeri."

Sifana ya ɗago. Babu wasa a fuskarsa yanzu, gumi ne duk da sanyin. "Umma, wallahi ba wayo nake miki ba. Iyakar ƙoƙarina ke nan. Hannuna bai san wani abu ba sai wannan. Nuna mini ɗaya kawai in gani."

Mai katifa ya kurɓi shayinsa.

"Kana tsammani ban gwada ba?" Muryar Umma ta yi ƙasa. "Ranar da duk kuka fita na ɗauko. Zaren ba ya zama a yatsana. In na ja ba ya jawuwa. Abin da ya fito sakwaf-sakwaf, kamar ragar kamun kifi. Ni da mutane ke juya rigata ciki da waje suna neman inda na haɗa ba su gani ba. In saƙa wannan a ce ni ce?"

"To nuna mini ragar. Ni ko ragar ban iya ba."

Ta harare shi. Sai kuma, kamar mai son ta kashe maganar kowa ya huta, ta zaro hannun daga mayafi. Ya rame, yatsun sun ɗan lanƙwashe. Yaya ta daina dariya.

Kibiyar ta ƙi tsayuwa a hannun, tana ta sunkuyar da kai. Sifana ya matso ya durƙusa, ya kama gindinta da yatsu biyu ya riƙe ƙam. Wannan kam aikinsa ne, ko injin matse ƙarfe bai fi shi ba. Umma ta lalubi zaren, ya kuɓuce, ta sake lalubo shi. Ta naɗa. Ta tura da hagu. Ido ɗaya ya tsallaka kan ɗan'uwansa ya kwanta, babba, a sake, ko alamar ja babu.

"Ka gani?" ta ce da ɗaci. "Ka ga abin da nake gaya maka?"

"Ban gani sosai ba. Ƙara ɗaya."

"Makaho ne kai?"

"Ƙara dai."

Ta ƙara. Ta kuma ƙarawa, tana yi tana mita. Wani idon ya faɗi, Sifana ya tsamo shi da tsinken ashana ya mayar. Hannun ya gaji ya fara rawa, ta ajiye shi a cinya, Yaya ta matsa mata yatsun, ta sake ɗauka ba wanda ya ce ta ɗauka. Abin da da can take gamawa kafin ruwan shayi ya tafasa, yau ya ci azahar ya doshi la'asar. Mai katifa ya sauka ya buɗe shago, ya sallami wani, ya dawo ya tarar ana nan. Gwiwoyin Sifana sun mutu a ƙasa, bai motsa ba. Ko tari ya ji yana zuwa sai ya haɗiye.

Da aka zagayo, Umma ta ce a yanke zaren a bar jela. Sifana ya kai hannu zai ƙulle.

"Taɓa ka gani."

Ya janye. Ita ta zura jelar ta cikin idon ƙarshe, ta miƙa masa zoben ba ta ko kalle shi ba. "Ga shirmenku nan."

Sifana ya sa hannu biyu a bakin ya buɗa. Bakin ya biyo shi. Ya saki, ya koma. Ya ƙara buɗawa har ya hango Yaya ta ciki.

"Baba."

"A'a," in ji mai katifa, ya ja da baya ya kare kunnuwansa. "Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake."

"In ya maƙale, ni da kaina zan sauke maka buhun, in haɗa maka da katifata."

Tsohon ya yi shahada ya runtse ido. Zoben ya wuce goshi, ya wuce kunne ko gaisawa ba su yi ba, ya sauka a wuya ya zauna. Mai katifa ya buɗe ido ɗaya. Ya juya wuya dama, ya juya hagu. Ya ja shi sama ya rufe hanci, muryarsa ta fito daga ciki: "Kai! Har ƙurar auduga zai tare mini. Sai dai yana ɗan warin fetur."

"Turaren kamfani ne, Baba, kyauta muke sawa."

"Matso nan," in ji Umma. Ta kama gefen da hagu, ta bi shi da babban yatsa, tana duban manyan idanun nan da ta tsana. Ta ja, ta saki. "Ba kyau," ta ce a ƙarshe. "Amma baki haka yake so." Sai ta gangaro tsakiya inda aikin Sifana yake, ta ƙwanƙwasa shi da farce. "Wannan kuma ko harsashi ba zai huda shi ba."

"Yanzu zai iya fita titi da shi ko ba zai iya ba?"

Kafin ta amsa, mai katifa ya riga ya kai bakin ƙofa, zobe a wuya, hannu babu buhu.

"Baba, na Maigidana ne fa!"

"Kunnuwana sun riga sun biya," in ji tsohon daga matakala. Suna jin shi a ƙasa yana kiran mai gadi ya zo ya gani.

Sifana ya miƙe, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zube kan buhun. Daga nan kwance ya fara lissafin mutanen da zai saƙa wa zoben da yatsa mai salatif: mai gadi, mai shayi, Maigida, Yaya in ta daina dariya, Dogo ma in zare ya yi saura mara kyau.

"Da wane hannun za ka fara su?" in ji Umma. "Wancan ni na fara maka. In kai ka fara, ko a wuyan kwalba ba zai shiga ba."

"To ya za a yi, Umma?"

"Ya za a yi," ta kwaikwaye shi. "Juye buhun nan in ga abin da ke ciki. Ni in fara, in rufe. Kai ka yi tsakiya, tunda ƙarfi ke damunka. Ki miƙo mini gwangwanin nan. A'a, babbar kibiyar, kan Maigidan nan nasa ba na wasa ba ne."

Ya zazzage buhun a tsakar ɗaki, curi-curi suka gangara ko'ina, kyanwa ta fito daga ƙarƙashin gado a guje. Umma ta nuna wani ruwan ƙasa da yatsan dama, yatsan na rawa, amma shi ta nuna da shi. Sifana ya kai hannu zai ɗauko.

"Kai! Je ka wanke hannun nan tukuna. Da sabulu, ban ce fetur ba."